Abu Zaid Al-Balkhi, Malamin Da Ya Lissafa Baƙin Ciki Cikin Cututtuka Masu Magani

Duk wanda ya daɗe yana zaman kasuwa ya san wani ko wata da masifa ta taɓa, daga nan kuma ba su sake komawa yadda suke ba. Wata gobara ce ta cinye mata rumfa, wata adashin da ta shekara tana zubi ne ya nutse, wani ya ɗauki hatsi bashi farashi ya karye a hannunsa, wata kuma ɗanta ta binne. Akan yi jaje, a yi ta'aziyya, bayan 'yan kwanaki kowa ya koma harkarsa, amma shi mai abin sai a ga abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, ciniki ya zo yana kallon mai saye kamar bai gan shi ba. Wasu su ce rashin tawakkali ne, wasu su ce sammu aka yi masa, wasu kuma su ce lalaci ne kawai.

A filinmu na tarihin magabata na yau za mu kawo muku rayuwar wani malamin Musulunci da ya rasu fiye da shekara 1,000 da suka wuce, wanda ya zauna ya rubuta littafi a kan wannan hali, ya ce ciwo ne kamar zazzaɓi da ciwon kai, yana da dalili, yana kuma da magani, kuma ba a raba maganinsa da kula da jiki. Sunansa Abu Zaid Ahmad ɗan Sahal Al-Balkhi.

Haihuwarsa da garinsu

An haifi Abu Zaid wajen shekarar 235 bayan Hijira, wato wajen 850 Miladiyya, a wani ƙauye da ake kira Shamistiyan, kusa da birnin Balkh a yankin Khurasan. Yau wurin yana arewacin ƙasar Afganistan, ba nisa da birnin Mazari Sharif. Mahaifinsa mutumin Sijistan ne, malamin makaranta mai koyar da yara, saboda haka a gidan karatu ya buɗe ido, amma ba gidan dukiya ba ne.

Mutumin Damargu ba zai sha wahalar gane irin garin Balkh ba. Kamar yadda a ƙarni na 19 ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gadamas ke ratsa Damargu, su yada zango a Jajiduna kafin su wuce Damagaram da Kano, haka Balkh take a zamanin Abu Zaid, mahaɗar fatake masu zuwa daga Indiya da Sin da ƙasar Farisa. Saboda girmanta da daɗewarta Larabawa suka yi mata laƙabi da uwar birane. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yana ganin wanda ya wayi gari da dukiya ya kwana da bashi, yana kuma jin labarin ayarin da ya fita bai dawo ba.

Tafiyarsa neman ilimi

Yana saurayi ya bi ayarin alhazai, ya taka da ƙafa har ƙasar Iraƙi, tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Ya yi shekara 8 a can yana karatu. Ya karanci ilimin addini da falsafa da ilimin taurari da likitanci da sanin ɗabi'ar halittu. Masu tarihinsa, musamman Yaƙut Al-Hamawi a littafinsa na tarihin marubuta, sun nuna cewa shekarun nan ba su zo masa da sauƙi ba, domin ya yi ta kai-kawo tsakanin ra'ayoyi da ƙungiyoyin da suka cika Bagadaza a lokacin, ya shiga ruɗani na wani lokaci kafin zuciyarsa ta natsu. Daga baya an san shi da riƙon addini, kuma duk da ya san lissafin tafiyar taurari, bai yarda da masu cewa taurari ne ke hukunta abin da zai sami mutum ba.

Babban malaminsa shi ne Abu Yusuf Yaƙub Al-Kindi, wanda ake yi wa laƙabi da masanin falsafar Larabawa. Shi kansa Al-Kindi ya ɗanɗana ɗacin duniya, domin a zamanin Halifa Al-Mutawakkil magauta sun yi masa makirci a fada har aka ƙwace ɗakin littattafansa, sai daga baya aka mayar masa. Yana da wata 'yar risala da ya rubuta a kan dabarun kore baƙin ciki, inda ya bayyana cewa baƙin ciki yana zuwa ne daga rasa abin da ake so ko kasa samun abin da ake nema. Wannan iri da malamin ya shuka, a hannun almajirin ya yi yabanya.

Komawarsa gida da zaman fada

Da ya gama karatu sai ya koma Balkh ya zauna yana koyarwa da rubutu. An siffanta shi da cewa mutum ne siriri, matsakaicin tsawo, mai tabon agana a fuska, mai yawan shiru da kunya, amma idan ya ɗauki alƙalami sai a rasa na biyunsa. Saboda iya tsara magana aka riƙa kiransa Jahiz na Khurasan, ana kwatanta shi da shahararren marubucin nan na Basra.

A wancan zamani malami marar gona da fatauci yana rayuwa ne da kyautar masu mulki, kuma wannan ya jawo wa Abu Zaid asara har sau biyu. Wani babban kwamandan soja, Husaini ɗan Ali Al-Marwarruzi, da ɗan'uwansa suna ba shi wani abu a kai a kai, amma da ya rubuta wani littafi a kan tawili wanda bai yi musu daɗi ba, sai suka yanke. Haka kuma Al-Jaihani, wazirin sarakunan Samaniyawa, ya janye nasa tallafin bayan Abu Zaid ya rubuta littafi a kan hadayu da yanka. Bayan yanke abinci, har wasu suka tuhume shi da karkacewar aƙida, sai da abokinsa Abul Ƙasim Al-Ka'abi, babban malamin ilimin kalam na Balkh, ya tsaya ya shaida cewa zaluntarsa aka yi, mutum ne mai tauhidi. Duk da haka bai janye littattafan ba.

Wajen shekarar 306 Hijira, 918 Miladiyya, wani shugaba mai suna Ahmad ɗan Sahal Al-Marwazi ya karɓi ragamar Balkh. Sunansu ɗaya da Abu Zaid, amma mutane biyu ne daban. Ya yi wa Abu Zaid tayin wazirci, shi kuwa ya ƙi, ya zaɓi aikin magatakarda. Sai aka naɗa Al-Ka'abi waziri a kan dirhami 1,000 a wata, Abu Zaid kuma dirhami 500. An ruwaito cewa Al-Ka'abi ya umarci ma'aji ya riƙa cire 100 daga nasa yana ƙara wa abokinsa. Wannan daula ba ta yi tsawon rai ba, domin shugaban ya yi wa Samaniyawa tawaye, aka kama shi, ya mutu a kurkuku a Bukhara a shekarar 920. Abu Zaid ya koma ƙauyensu Shamistiyan, inda ya mallaki gona, ya ci gaba da rubutu.

Akwai wani labari da masanin ƙasa Al-Muƙaddasi ya kawo wanda ke nuna cewa shi ma malamin mutum ne kamar kowa. Sarkin Khurasan ya aika masa ya zo Bukhara, garin su Imamu Buhari, don ya riƙa ba shi shawara. Ya kama hanya har bakin kogin Jaihun, wanda yau ake kira Amu Darya. Da ya ga faɗin ruwan da ƙarfin igiyarsa sai ya tsaya, ya rubuta wa sarki cewa in don kyawun shawararsa aka kira shi, to shawarar tasa ce ta hana shi tsallaka wannan kogi. Sarki ya karanta, ya ba shi izinin komawa gida. Ke nan wanda ya rubuta babi guda a kan maganin tsoro ya san tsoro a jikinsa.

Littattafansa

Ibn Nadim ya lissafa masa littattafai sama da 40 a cikin Fihrist, Yaƙut kuma ya kawo sama da 50. Sun shafi Alƙur'ani da siyasa da ɗabi'u da harshe da falsafa. An yaba ƙwarai da littafinsa Nazmul Ƙur'an. Wanda ya fi ɗaukaka sunansa a da shi ne Suwarul Aƙalim, littafin taswirorin ƙasashen Musulmi da bayaninsu, wanda Al-Istakhri da Ibn Hauƙal suka ɗora nasu aikin a kansa, har masana suka riƙa cewa makarantar Balkhi a ilimin sanin ƙasa. Galibin waɗannan littattafai sun ɓace. Cikin 'yan kaɗan da suka tsira akwai Masalihul Abdan wal Anfus, ma'ana abubuwan da ke gyara jikuna da rayuka, kuma shi ne dalilin kawo tarihinsa a yau.

Littafin gyaran jiki da rai

Littafin kashi biyu ne. Kashi na farko babi 14 ne a kan jiki: wurin zama da ruwan sha da iska, tufafin zafi da na sanyi, abinci da abin sha, ƙamshi, barci, saduwar iyali, wanka, motsa jiki da tausa, har da sauraren sauti mai daɗi. Kashi na biyu babi 8 ne a kan rai.

Ya buɗe kashi na biyu da ƙorafi a kan likitocin zamaninsa, cewa sun tsaya ga jiki kaɗai sun bar rai, alhali mutum haɗin abu biyu ne, kuma kowane ɗaya yana jan ɗayan. Wanda zazzaɓi ya kwantar ba ya iya tunani mai kyau, wanda damuwa ta cika wa zuciya kuma ba ya jin daɗin abinci, ƙarshenta ma jikin ya kwanta. Ya ƙara da cewa mutum yana iya shekaru bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya ya yi 'yan kwanaki bai ji fushi ko tsoro ko ɓacin rai ba, don haka buƙatar sanin maganin rai ta fi yawa. Ya ɗauki damuwa a matsayin tushen sauran cututtukan rai, kamar yadda farin ciki yake tushen lafiyarsa, sannan ya kasa cututtukan gida huɗu: fushi, tsoro da firgita, baƙin ciki da raki, sai waswasi.

Hanyar maganin da ya shimfiɗa ita ma biyu ce, ta waje da ta ciki. Ta waje ita ce mutum ya sami wani amintacce mai hankali da zai saurare shi ya yi masa nasiha, domin a ganinsa mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani a kan wadda ya gaya wa kansa, kuma wanda ke tsakiyar damuwa hankalinsa a rufe yake, kamar likitan da ya kwanta ciwo ne, dole sai wani likitan ya duba shi. Ta ciki kuwa ita ce mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana cikin kwanciyar hankali, ya riƙa maimaita su, kamar yadda ake ajiye magani a gida tun kafin ciwo ya zo. Mutanen Damargu da suka ga farin 1973 da na 1984 da yunwar 2005 sun san amfanin rumbu, sun kuma san cewa ba ranar da yunwa ta shigo ake fara cika shi ba. Irin wannan tanadi yake nufi, amma na zuciya.

Baƙin ciki iri biyu

A nan ne malamin ya yi abin da ya ba masanan zamaninmu mamaki. Da farko ya bambanta baƙin ciki da raki, wato lokacin da abin ya yi tsanani har mutum ya fita hayyacinsa, yana kururuwa yana dukan kansa. Ya kwatanta raki da wuta mai ci bal-bal, baƙin ciki kuma da garwashin da ya rage bayan harshen wutar ya kwanta, wanda ba a ganin hayaƙinsa amma yana cin jiki a hankali, ya rame da mutum, ya canza masa kama.

Sannan ya ce baƙin ciki iri biyu ne. Na farko shi ne wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya. Na biyu shi ne wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba tare da ya rasa komai ba, ya zauna masa a ƙirji, ya kashe masa kuzari, ya hana shi jin daɗin duk abin da ya saba jin daɗinsa, in an tambaye shi abin da ke damunsa ya rasa amsa. Abu Zaid ya ce wannan na biyu daga jiki yake tasowa, kuma bisa ilimin likitancin zamaninsa ya danganta shi da gurɓatar jini. Saboda haka ya ce a yi masa maganin jiki, a gyara abinci, a haɗa da hira da zama cikin mutanen da ake so da duk abin da ke faranta rai. Bai ɗora wa mai wannan ciwo laifi ba, bai kuma ce imaninsa ne ya yi rauni ba.

Ga na farkon kuwa, mai sanannen dalili, ya jera tunanin da mutum zai riƙa yi wa kansa. Ya auna abin da ya rasa da lafiyar jikinsa, ya ga cewa in ya bar baƙin ciki ya kwantar da shi, ya yi asarar uwar kuɗi garin kukan riba. Ya tuna cewa haka duniya take tun asali, ba wanda ya taɓa zama cikinta bai rasa wani abu ba, don haka abin da ya same shi ba shi kaɗai aka ware ba. Ya dubi waɗanda masifarsu ta fi tasa, ya kuma dubi abin da ya rage masa wanda da shi ma ya tafi da abin ya fi haka muni. Ya san cewa zafin masifa ranar farko ya fi yawa, kowace rana kuma raguwa yake yi, kamar yadda ya gani a masifun da suka wuce masa a baya. Ya kuma tuna ladan da Allah Ya tanadar wa masu haƙuri. 'Yar kasuwar da rumfarta ta ƙone, in ta bi wannan lissafi, za ta tarar cewa hannunta da sanin sana'arta da amincin da ke tsakaninta da masu ba ta kaya duk wutar ba ta ci su ba.

Tsoro, fushi da waswasi

Game da tsoro, ya lura cewa yawancin abin da mutum ke jin tsoro ba ya faruwa, wanda ya faru ma sau da yawa bai kai yadda aka zata ba. Ya ba da misali da hazo, wanda daga nesa za ka ga kamar bango ne, in ka shiga cikinsa ka tarar kana numfashi kana ganin gabanka. Ya kuma lura cewa sabo yana rage tsoro: sojan da ya saba da fagen fama, da mai aikin jinya da ya saba ganin rauni, da matuƙin jirgin ruwa da ya saba da igiya, ba sa razana da abin da ke razana baƙo. Don haka ya ba da shawarar mutum ya riƙa kusantar abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan har zuciyarsa ta saba. Likitocin yau suna amfani da irin wannan hanya, a hankali kuma bisa kulawar masani, wajen taimakon wanda ya tsira daga haɗarin mota ko harin 'yan fashi, ya zama ko ƙarar tasha ya ji sai gabansa ya faɗi.

Game da fushi, ya fi mayar da hankali ga masu iko da mutane a ƙarƙashinsu, ya ce su ajiye wanda suka ba izinin ya tare su da nasiha idan ransu ya ɓaci, kada kuma su yanke hukunci sai wutar ta lafa. Wannan ya shafi duk maigida ko uwar ɗakin da ke da yaran shago.

Waswasi kuwa, wato mugun tunanin da ke maimaita kansa a zuciya, ya hana mutum sakat, yana raya masa cewa zai mutu ko wata masifa na tafe, Abu Zaid ya ɗauke shi cikin mafi wahalar cututtukan rai. Ya ce manyan abokan wannan ciwo biyu ne, kaɗaici da zaman banza. Ya shawarci mai fama da shi kada ya keɓe kansa, ya riƙa shiga mutane, ya kama sana'a ko wani aiki da zai cika masa lokaci, ya kuma sami aboki na gaskiya da zai riƙa gaya wa abin da ke ransa, shi kuma yana nuna masa inda tunanin ya kauce.

Rasuwarsa

Abu Zaid ya ƙare rayuwarsa a ƙauyen da aka haife shi. Ya rasu a watan Zulƙida na shekarar 322 Hijira, daidai da Oktoba 934 Miladiyya, yana da shekara sama da 80. Cikin almajiransa akwai Abul Hasan Al-Amiri, wanda ya zama babban masanin falsafa a Khurasan. Birnin Balkh kansa rundunar Mongol ta Janghis Khan ta rusa shi a 1220.

Yadda littafin ya sake fitowa

Ƙarnuka da yawa ana tuna Abu Zaid a matsayin mai zanen taswira kawai, littafinsa na lafiya kuma yana ajiye a rubutun hannu cikin tarin littattafan Aya Sofiya a birnin Istanbul na Turkiyya. A 1984 Farfesa Fu'ad Sezgin, masani ɗan Turkiyya, ya buga hoton rubutun a birnin Frankfurt na Jamus. A 2013 Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan wanda ya rasu a 2021, ya fitar da fassarar kashi na biyu da Turanci. Ya nuna cewa hanyar gyara tunani don gyara zuciya, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya shahara da ita tun shekarun 1960, tana da kama ƙwarai da abin da Abu Zaid ya rubuta. A 2015 kuma Dokta Rania Awaad ta Jami'ar Stanford da abokiyar aikinta suka wallafa nazarin da ya gwada bayaninsa na waswasi da ma'aunin likitocin yau, suka tarar sun yi kusa sosai.

Abin da likitocin yau suka ƙara

Ilimi ya ci gaba, kuma ba duk abin da malamin ya faɗa ne ya tsaya ba. Maganar gurɓatar jini an bar ta. Likitoci kuma sun gano cewa iri biyun nan da ya raba sukan cakuɗe, domin asara tana iya tayar da ciwon da ke buƙatar ƙwaya, wanda ya zo ba dalili kuma hira da shawara suna taimakonsa. Amma gindin maganarsa yana nan, wato a duba jiki, a duba tunani, a duba zaman mutum da jama'arsa, duka a lokaci guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kimanin miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, kuma ya fi kama mata a kan maza. Fiye da mace 1 cikin 10 masu ciki ko masu jego suna shiga wannan hali. Alamar da ake dubawa ita ce baƙin ciki ko mutuwar sha'awar komai da ya kai mako 2 kusan kullum, tare da rikicewar barci, canjin cin abinci, kasala, rashin tattara hankali ko a wajen ƙirga canji, da jin cewa mutum ba shi da amfani. Da yawa ba sa zuwa da kukan baƙin ciki, sai dai su ce kai ke ciwo, ko ƙirji ya yi nauyi, ko jiki duk ya mutu. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna kawo irin wannan kasala, shi ya sa gwajin likita ke da amfani. Akwai kuma wani nau'in da mutum kan yi makonni a kwance cikin baƙin ciki, sannan ya juye ya yi kwanaki ba barci, yana surutu yana rabon jari ba lissafi. Wannan maganinsa daban ne, sai an kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa.

Shawararsa ta samun amintaccen mai saurare ma an gwada ta a nahiyarmu. A birnin Harare na Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraren masu damuwa suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da iyayen nan sun fi samun sauƙi bayan wata 6 a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Kasuwanninmu ba su rasa irin waɗannan iyaye ba, akwai uwar adashi, akwai shugabar mata, akwai dattijon layi da kowa ke kai wa ƙara.

Don haka idan maƙwabciyarki a rumfa ta yi makonni ba ta fito ba, ko ta fito amma ba ita ba ce, ki je ki zauna da ita, ki saurara kafin ki yi wa'azi, ki tambaye ta barcinta da cin abincinta, ki ja ta cikin mutane. A yi addu'a, a kuma raka ta likita, kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro. A guji neman sauƙi a wajen tramol da sauran ƙwayoyin bakin tasha, domin ƙara rikita al'amarin suke yi. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko ya huta da duniya, kada a ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Allah Ya jiƙan Malam Abu Zaid Al-Balkhi, Ya saka masa da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin abin da suka rasa, amin. Sai mun haɗu a fito na gaba.